Motar Baba

Auta yana durƙushe a gefen motar yana goga sanfefa, ƙurar fenti ta ƙara wa gemunsa fari. Ya haura hamsin, yana da garejinsa na gyaran jikin mota, amma a gidansu har yau Auta ake ce masa, kuma yana amsawa.

"Har yanzu kana kan wannan akurkin kajin?"

Yayarsa ce a bakin ƙofar gareji, ta tattare zani don kada ya sha baƙin mai.

"Mota ce, Yaya."

"Ranar da ka jawo ta ƙwai na gani a kujerar baya."

Ya ci gaba da goga. A bangon garejin akwai hoto baƙi da fari: mahaifinsu, dogo, ya jingina da wata mota yana riƙe da makulli. Auta yana goye mahaifin ya rasu, Yaya kuwa ba ta shiga makaranta ba tukuna. Ƙannen mamacin suka sayar da motar cikin kayan gado. Tun daga nan ba ta da wani suna a gidan sai motar Baba. Auta ya daɗe yana cigiyarta, har ya tarar da irinta a bayan wani injin niƙa, ba taya, ba gilashi, amma da lotsawa a saman tayar gaba, daidai inda ta hoton take da ita.

Nufinsa ya tayar da ita ya ɗora Mama a ciki. Likita ya riga ya faɗa ba ɓoye-ɓoye cewa ganinta tafiya yake yi, kuma ba zai dawo ba. Auta yana so ta ga motar mijinta tun idon yana da saura. Bai gaya mata ba, yana so sai an gama. Sai dai ya yi rantsuwa ba zai fesa fenti ba sai ya tabbatar.

"Irin wannan motar dubu aka yi," in ji Yaya. "Kowacce kuma ta taɓa cin karo. Ka fesa mata fenti ka ce ita ce. Mama da ba ta gani sosai, ina za ta bambance?"

"Ni zan sani," ya ce. "Ba zan zaunar da tsohuwa a motar wani in ce ta mijinta ce ba."

Mai sayar da mota yakan yi ƙarya, amma fenti ba ya yi. Shi ya sa Auta bai ƙone shi da wuta gaba ɗaya ba, ya bi shi a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Jan da ke sama na mai injin niƙa ne, da burushi aka shafa shi kamar bango. A ƙarƙashinsa fari, na wani mai koyar da tuƙi, ga ramin birki na biyu a gefen fasinja. A ƙarƙashin farin rawaya, zamanin da ta yi tasi. Sai can ƙasa, shuɗi mai duhu, wanda ta fito da shi daga kamfani. Tsohon ɗan tasin yana raye, Auta ya same shi a gida. Abin da ya iya tunawa kawai shi ne daga hannun magada ya saya.

Yau kujerar direba ya ciro. Ya kwance ƙarfen da kujerar take gudu a kai, ya kankare, sai ya tsaya. Can gaba, inda kamfani bai huda ba, an yi wasu hudoji da hannu, an toshe su da foti, fentin rawaya ya hau kai. Ke nan tun kafin ɗan tasi aka yi su. Ya leƙa ƙasa ya ɓare robar kuloci da ta birki. Kowanne da huda biyu, irin wadda ake yi a ɗaura katako.

Ya zauna a ƙasa.

"Me kuma?" in ji Yaya.

"Mai ita na farko gajere ne. Ya jawo kujera har ƙirjinsa na taɓa sitiyari, duk da haka ƙafarsa ba ta kai ba sai da ya ƙara katako."

Yaya ta dubi hoton. Mahaifinsu sai ya sunkuya yake shiga ɗaki, kowa a dangi ya san wannan.

"To ka ji," ta ce, wannan karon ba dariya. "Ka yi iyakar ƙoƙarinka. A kira masu sayen ƙarfe."

Auta ya miƙe ya shafa lotsawar nan, ya dubi hoton, ya sake shafawa.

"Wataƙila a hannun wani gajere Baba ya saya. Mutum ɗaya ya rage da zai sani. Je ki ɗauko Mama."

"Kai ka ce ba za ta gani ba sai an gama."

"Na fasa. Je ki ɗauko ta."

Kafin su iso ya mai da kujerar inda ta dace da dogon mutum, ya shimfiɗa tsumma mai tsabta a gefen fasinja, ya buɗe ƙofar.

Mama ta shigo tana dogara sanda, 'yar ƙarama, kanta bai kai kafaɗar Yaya ba. Ungozoma ce ta yi ritaya. Auta ya tashi yana ganinta tana fita da jakarta a ƙafa, rana ko ruwa.

"Auta, wa ya mutu da za a tayar da ni daga barcin rana?"

"Ba kowa, Mama. Mota nake so ki duba mini."

Ta matso ta ɗora tafin hannu a kan ƙarfen. Ta bi shi har hannun ya faɗa cikin lotsawar. Nan ta daɗe. Sannan ta wuce ƙofar da ya buɗe mata, ta zagaya gefen direba. Wannan ƙofar ta sha ba Auta wahala, sai ya yi ta fizga take buɗewa. Mama ta kama mariƙin, ta ɗan ɗaga shi sama, ƙofar ta buɗe ba gardama. Ta shiga ta zauna, ƙafafunta suna lilo.

"Wa ya ja mini kujera baya?"

Ta miƙa ƙafa tana laluben birki.

"Ina katakona?"

"Mama," in ji Yaya a hankali, "motar Baba fa?"

"Babanku? Allah ya ji ƙansa, ko keke tsoro yake ba shi. Sau ɗaya na ba shi sitiyari ya nufi bishiya, ga shaidar nan a gaba. Ni na saye ta da guminna, don matan da naƙuda ke kamawa a nesa."

"Amma na tuna shi a gaba yana waƙa."

"A gaba yake, a wancan gefen, ya rungume mini jaka."

Auta ya nuna bango. "Hoton fa? Makulli a hannunsa."

"Mai hoto ne ya ce ya fi kyau a hannun namiji."

"Kuma aka sayar da ita a kayansa kina kallo?"

"Na ce tawa ce. Ƙannensa suka ce baƙin ciki ne ya taɓa mini kai. Suka ɗauko wannan hoton suka nuna wa mutane."

Auta ya sake duban hoton. Shi ya sa wa hoton gilashi, shi ya buga masa ƙusa.

"Duk shekarun nan ba ki gaya mana ba."

"Wa ya tambaye ni? Kun tashi ba uba, kuna cewa motar Baba, motar Baba, kuna jin daɗi. In ƙwace muku ita ma?"

Auta ya juya ya ɗauko siririn ƙarfe, ya tsuguna, ya fara tono fotin da ke cikin hudojin nan.

"Mama, katakon nan yaya kaurinsa?"

Ta haɗa yatsu uku ta miƙo masa. Ya auna da nasa.

"Fenti fa?"

"Wanda ka tarar a ƙasa. Ƙofar kuma ka bar ta yadda take, mun san juna."

"Ba dai tuƙi za ki yi da wannan idon ba?" in ji Yaya.

"A'a, zama zan yi," in ji Mama, ta ɗora hannu biyu a kan sitiyari. "Amma a wurina."