Man Gashin Baba Kuwahara

"Ajiye kwalbar nan, Baba, mutane na kallonmu," in ji Natsuko, tana jan hannun rigar mahaifinta a tsakiyar kantina.

Babu wasu mutane, ni kaɗai ce a bayan kanta, ina ta goge inda babu ƙura don kada magana ta wuce ni. Baba Kuwahara kuwa bai ajiye ba, sai ma ya ƙara matse kwalbar a ƙirji.

Gidansu bango ɗaya ne da kantina, a layin da ya gangara zuwa tashar jirgin fito a garin Onomichi. Sabulu nake sayarwa, da reza, da man shafawa, sana'ar da na gada daga mahaifina. Shi Baba Kuwahara matuƙin jirgin fito ne har ya yi ritaya, kuma tun ina tsallen igiya a ƙofar kanti nake ganinsa yana wucewa da gashi a kwance luf, yana sheƙi. Wani koren mai yake shafawa, mai kauri, mai ƙamshin kafur da kanumfari, irin wanda iskar teku ba ta iya ɗaga masa ko sili ɗaya. In ya wuce, sai ka san ya wuce. Yanzu na haura sittin, amma har gobe "yarinya" yake ce mini.

Matarsa Tomie tana gidan kula da tsofaffi a kan tudu. Idonta ya tafi, hankalinta kuma yana zuwa yana komawa. Duk da haka da ya shiga ɗakinta take ɗaga kai ta ce, "Ka makara, Shigeo." Haka suke har bazarar da Natsuko ta zo daga birnin Osaka da jaka cike da kayan babban kanti. Ta share banɗakin uban tas. Ta zubar da koren man, ta jera masa sabulun kanya wanda ake tallarsa don kashe warin tsufa, da mai marar ƙamshi, da injin aski mai batir. Ba mugunta ba ce, yarinyar tana son ubanta. Amma haushi ya kama ni, domin kaya ne da aka zaɓa wa tsoho ba tare da an tambayi tsohon ba, kuma ba a kantina aka saye su ba.

Tun daga nan Tomie ta daina sanin sa. In ya shiga sai ta gyara wuyan riga, ta sunkuyar da kai da ladabi, ta ce masa likita. Ya yi mata magana, ya faɗi sunansa, ya kawo mata lemon da take so, ita dai godiya take yi kamar ga baƙo.

A makon da ya shigo kantina, likitan gaske ya riga ya faɗa masa hantarsa ta gama aiki, da wuya ya ga ganye ya yi ja a kaka. Shi ya faɗa mini da bakinsa, a tsaye, kamar mai ba da labarin ruwan sama. Ya ce mutuwar ba ta dame shi ba. Abin da ba zai yarda da shi ba shi ne ya tafi matarsa tana ce masa likita.

Kamfanin man ya daɗe da rufewa. Ragowar da nake da ita na ɓoye a can saman kanta saboda wasu tsofaffin 'yan jirgi, duk kuma sun riga shi tafiya, saura kwalba ɗaya. Ita ce a ƙirjinsa.

Natsuko ta juyo kaina. Ta ce gidan tsofaffin ba sa son ƙamshi mai ƙarfi, akwai masu ciwon ƙirji, kuma man nan maiƙo ne zalla, yana ɓata matashin kai. Ta ce ni da na san kaya, in faɗa masa gaskiya.

"Gaskiyarki, maiƙo ne," na ce. "Sabulunki ma mai kyau ne, ya ci gaba da wanka da shi. Amma kin wanke uban naki har uwarki ta rasa shi."

Fuskarta ta yi ja. Na san na yi kaushi, ban kuma janye ba. Na ce in ɗaki ne matsalar, ai gidan yana da lambu.

Ranar da za mu tafi wurin Tomie ni na yi masa aski a kujerar bayan kanti, da reza da kumfa mai ɗumi, domin injin nan yana barin gemu tsilli-tsilli a fatar da ta saki. Yana ta mita wai hannuna ya fi na mahaifina nauyi. Na ce ya yi shiru ko in rage masa kunne. Natsuko ce ta karɓi kwalbar, fuska a ɗaure, ta lakato man da kan yatsa ta shafa masa, ta taje, ta yi tsaga. Ya sa farar riga da ta yi masa yawa yanzu, muka hau tasi.

Wata ma'aikaciya ta turo Tomie a keke zuwa inuwar lambun. Ta ƙanƙance sosai, hannayenta a kan bargo. Baba Kuwahara ya durƙusa da ƙyar a gabanta. Na ga hancinta ya motsa. Ta ɗan karkata kai, ta daɗe a haka.

Sai ta sunkuya ta ce, "Sannu da zuwa, likita. Yau ka yi ƙamshi."

Natsuko ta juya baya. Ni ma har na fara neman abin da zan ce a hanyar komawa. Shi kaɗai ne bai motsa ba. Ya miƙo hannu baya ba tare da ya waiwayo ba, ya ce, "Yarinya, ba ni kwalbar."

Ya buɗe, ya ɗora a cinyarta, ya kama yatsunta biyu ya sa a ciki. Daga baya ya faɗa mini, tun da suka yi aure bai taɓa shafa wa kansa man nan da safe ba sai da aka kai ta tudu. Ita take yi masa a bakin ƙofa kafin ya sa takalmi.

Yatsun suka lakato da kansu. Ta murza a tafin hannu, a hankali, har man ya narke, ta hura masa iska sau ɗaya. Ya sunkuyar da kai, ta nutsa hannuwanta cikin ɗan gashin da ya rage, daga goshi zuwa ƙeya. Sai ta tsaya. Babban yatsanta ya bi tsagar da Natsuko ta yi, ya koma ya sake bi. Ta haɗe gira.

"Wa ya yi maka tsaga ta dama?" ta ce, da wata murya mai kaifi da na manta tana da ita. "Kai Shigeo, haka za ka hau jirgi kamar ɗan caca? Miƙo mataji."

Babu wanda ya zo da mataji sai ni. Na zaro daga aljihu na miƙa mata. Ta rushe tsagar, ta mai da ita hagu, ta danne da gefen hannu, tana ta faɗa: wai ya rame, wai ba ya cin abinci sai ta tsaya a kansa, wai ya makara fasinja na jira. Shi kuwa yana durƙushe yana cewa "To, to," yana dariya hawaye na ɗiga a kan bargonta. Ban taɓa ganin mutum yana shan faɗa da irin wannan farin ciki ba. Natsuko ta zauna a ƙasa ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza, ban san dariya take ko kuka ba. Ni dai duka biyun na yi.

A tasi ya hana a buɗe taga, wai kada iska ta taɓa masa kai. Ya leƙa madubin direba ya ce wa 'yarsa, "Kin ji ko? Ɗan caca."

Ya ci gaba da hawa tudun muddin ƙafarsa na ɗaukarsa, kullum da kwalbar a aljihu. Wata rana ta san shi, wata rana sai hannunta ya shiga gashinsa tukuna. Likita dai ba ta ƙara ce masa ba. Ya rasu a gida da hantsi, ana jin ƙahon jirgin fito daga gangare, ganye bai fara ja ba.

Da masu shirya gawa suka zo, suka wanke shi suka sa masa farin kaya, ɗayansu ya fito da nasu man da mataji. Natsuko ta ɗaga hannu ta ce ya bari. Ta shiga ɗaki ta ɗauko koriyar kwalbar, ta murza man a tafinta har ya narke, ta hura masa iska. Ta dube ni ta ce, "Inna Etsuko, hagunsa ko haguna?"

Na ce hagunsa. Ta yi tsagar a miƙe, ta danne da gefen hannu.

Bayan an gama komai ta ajiye kwalbar a gaban hotonsa, kusa da ƙaramin kwanon shinkafa da turaren tsinke. Da na shiga gaisuwa na tarar murfin a gefe. Man ya kusa ƙarewa, a ƙasan kwalbar ga sawun siraran yatsu biyu irin na Tomie, ɗakin kuma na ƙamshin kafur.