Takardar Da Ba Ta Ga Jini Ba

Likitar ta jera takardu biyu a kan tebur, ta dubi wannan, ta dubi waccan, sannan ta cire tabarau. Tela ta gyara wa ɗanta kwanciya a cinya. Shekararsa ɗaya da rabi, hannuwansa sun kumbura suntum, ko yatsa aka taɓa sai ya tsandara ihu.

"Sikila ce," in ji likitar. "Kowane ɗa iri biyu yake gada, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ke AS ce, kina iya ba shi A, kina iya ba shi S. Yaron nan SS ne. Ɗaya taki ce. Ɗayar fa?" Ta ɗaga takardar gwajin da mijin Tela ya kawo kafin aurensu. "Nan an rubuta AA. Mai AA ba shi da S ɗin da zai bayar. Ko dai takardar ta yi kuskure, ko kuma..." Ta haɗiye sauran. "Malam, a sake ɗibar jininka yanzu."

Kafinta, mijin Tela, ya miƙe zumbur. "Na bar aiki a shago," ya ce, ya ɗauke takardarsa ya fice.

Wannan "ko kuma" ɗin kuwa har ta riga su isa gida.

*

Inna, uwar Kafinta, ta mai da yaron abin nazari. Ta juya kunnensa, ta leƙa ƙeyarsa, ta taɓe baki. "Kunnen nan dai ba namu ba ne." Kafin mako ya zagayo, duk namijin da ya taɓa kawo ɗinki ya shiga zargi, har tsohon da ke gyara keken ɗinki, wanda ko haƙori babu a bakinsa. Mata suka daina kawo atamfa, sai dai su kawo ido.

Abin ya ci Tela ƙwarai, amma abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne shirun mijinta. Namijin da ya yarda an ci amanarsa ai ihu yake yi, ya fasa kwano. Shi kuwa sai ya ajiye maganin yaron a kan keke, ya sulale, ba ya yarda su haɗa ido. Biri fa ya yi kama da mutum.

Ran nan tana daje bakin zane, ta jiyo Inna tana cika wa maƙwabciya baki a tsakar gida.

"Mu jininmu tas yake! Ɗan nan nawa, tun rigakafin da aka yi masa yana goye, allura ba ta sake taɓa fatarsa ba. Bara da ƙusa ta soke shi, ƙarti huɗu suka kasa danne shi a yi masa allura. Biyun da na rasa kafin shi kuwa, mayya ce ta ci su."

Ƙafar Tela ta tsaya cak a kan keke. Yayar Kafinta ta taɓa ba ta labarin yaran nan biyu: hannuwansu ne suka fara kumbura. Kuma in allura ba ta taɓa shi ba, da wane jinin aka yi gwajin?

*

Ta same shi a shago yana goge ƙafar gado, garin katako har gira.

"Baban yaro, a wane hannu aka ɗebi jininka?"

Bai ɗago ba. "Na manta."

"Kai da ko allurar ɗinkina ka gani sai ka ja da baya? Dube ni, don Allah."

Ya ajiye katakon. Da ƙyar maganar ta fito. Abokinsa ne a ɗakin gwaji ya rubuta masa takardar, ba a ɗebi ko ɗigo ba. Ya ga shi ƙato ne, ko zazzaɓi ba ya yi, ina shi ina sikila? Kuma ya ji tsoron kada gwajin ya fito AS, iyayenta su hana shi ita.

"To, gobe Kawu zai zo a zauna. Sai ka faɗa musu."

"Abokina zai rasa aikinsa. Ni kuma da wane ido zan dubi mutane? Ki rufa mini asiri, maganar za ta wuce."

"Ni fa? Nawa asirin wa zai rufa? Ɗanka ake kira shege!"

Ya sunkuya ya ɗauki katakon, ya ci gaba da guga.

*

Kawu, wan mahaifiyar Kafinta, ya zauna a kan tabarma, takardar tana gabansa. Tela ta zayyana komai.

"Kun ji ta ko!" in ji Inna. "Ta yi abin kunya, tana neman wanda za ta shafa wa kashin kaji."

Kawu ya juya ga Kafinta. "Kai muke saurare. Takardar nan gaskiya ce?"

Tela ta zuba masa ido. Har ga Allah, zuciyarta ta ba ta zai faɗa.

"Ga hatimin asibiti nan a jiki, Kawu," ya ce, yana kallon tabarma.

Kawu ya yi ajiyar zuciya, ya ce Tela ta je gidansu tukuna, har a ga abin da Allah zai yi.

Ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki ta goyo ɗanta, ta ɗauki jakar magungunansa. Da ta zo wucewa, yaron ya hango ubansa, ya zaro hannuwansa daga zane ya miƙa masa. "Baba!"

Hannuwan suka tsaya daidai fuskar Inna, a kumbure, suna sheƙi. Tela ta ga tsohuwar ta ƙura musu ido, har carbin hannunta ya zame ya faɗi. Tela ta tsaya, tana jiran kalma ɗaya daga gare ta.

Inna ta ja mayafi ta juya fuska bango. Kafinta kuwa ya ɗauki takardar, ya hure ƙurar da ta hau kanta, ya ninke ta a hankali ya sa a aljihu.