Wanda Ya Amsa Sunan Ƙasimu

Jama'ar shafina, barkanku da war haka. Masu karantawa su tofa albarkacin bakinsu, da masu leƙe su wuce sumul kamar ba su gani ba, duk na gaishe ku, ina ganinku ai. Yau labari na kawo muku. Wanda ya san zuciyarsa ba ta da ƙwari, ya matsa kusa da mutane tukuna.

Shekarar casa'in da tara ce, soja sun koma bariki, farar hula sun karɓi mulki. Duk lungun da ka leƙa a Tarauni sai ka tarar wani ya wayi gari kansila, ya ɗinka babbar riga, yana cigiyar direba. To akwai wani Lawan Inuwa, direban bas ƙirar hayis, yana jigila tsakanin Unguwa Uku da Bata. Shekara goma sha ɗaya yana tuƙa motar mutane, bayansa har ya lanƙwashe. Wani sabon kansila ya ce zai ɗauke shi, albashi duk wata, mota mai sanyi. Amma da sharaɗi: sai ya kawo takardar shaidar ajin manya, don shi ba zai yi yawo da direban da baƙo zai yi wa Turanci ya tsaya yana washe baki ba.

Shi ke nan Lawan ya shiga aji. Wata firamare ce a Gyadi-Gyadi, yara na tashi manya su shiga, daga bayan la'asar zuwa magariba, wata uku. Ka ga ƙarti arba'in sun naɗe ƙafa a bencin 'yan aji biyu, gwiwa na taɓa haɓa. Malaminsu Malam Bulus, dattijo mutumin Kafanchan, gilashin idonsa kamar gindin kwalba. Dokarsa biyu ce: wanda ya yi fashi uku babu takarda, wanda ya amsa sunan wani shi ma babu.

Ranar farko kalma ɗaya ya rubuta a allo, "present".

"Alhazai, kalmar nan tana da aiki da yawa," in ji shi. "Bature na kiran kyauta da ita, yana kiran lokacin da ake ciki da ita. Waɗannan ku bar su sai gaba. A ajina aikinta ɗaya ne. In na kira sunanka ka faɗe ta, to ka ba da shaida ke nan cewa ga ka nan, kai da ƙafafunka. Ba a aron ta, ba a aika ta. Ku maimaita."

Aji ya ɗauka: "Firezan sa!"

"Allah Ya ba ni haƙuri," in ji Malam Bulus.

Amma kun san direbobi da 'yan acaɓa. Mutum yana tsaka da lodi a Zariya Rod, ya za a yi ya zubar da fasinja don kiran suna? Sati guda suka gano malam ba ya ɗaga kai daga rajista, in ma ya ɗaga bayan aji hazo yake gani. Sai aka ƙulla zumunci: yau ka amsa min, gobe in amsa maka. Lawan kuwa gwani ne, muryar kowa yana da ita a aljihu.

Abokin zamansa a benci, kuma abokin ɗakinsa, shi ne Ƙasimu Zakariyya, ɗan acaɓa daga wani ƙauye a ƙasar Sumaila. Da hanci yake magana, kuma ba ya buɗe baki sai ya yi ɗan tari tukuna. Da ruwan shuka ya sauka, Ƙasimu ya ɗaura jakarsa a bayan babur.

"Direba, kwana uku zan yi, in jefa iri in dawo. Ka riƙe min sunana."

"Hancin naka zan riƙe ko sunan?"

"Ɗan iska. Ka dai riƙe. In na dawo ina biyanka."

Kwana uku suka wuce, huɗu, shida. A lokacin babu wayar hannu balle ka kira. Kullum malam ya ce "Ƙasimu Zakariyya", Lawan ya toshe hanci da yatsu biyu, ya yi ɗan tari, ya ce "Firezan sa." Na kusa da shi su sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Sunan Lawan ke bi, sai ya saki hanci ya amsa nasa da tasa muryar.

Rana ta tara, da hantsi, yana tasha yana jiran layi ya zo kansa, wani mutum ya yi masa sallama. Kamarsu ɗaya da Ƙasimu, sai dai ya fi shi tsawo.

"Kai ne Malam Lawan? Ni Mu'azu ne, wan Ƙasimu. Na zo ɗaukar akwatinsa."

"Akwati kuma? Shi yana ina?"

Mu'azu ya dubi ƙasa. "Sai haƙuri. Washegarin zuwansa aka yi ruwa mai ƙarfi, katangar ɗaki ta faɗo masa. Jiya aka yi sadakar bakwai."

Lawan ya yi salati, ya zauna a bakin taya. Da ya dawo hayyacinsa sai ya fara lanƙwasa yatsu. Kullum yana gaya wa malam ga Ƙasimu nan, kai da ƙafafunsa, alhali mutumin yana kwance ƙasa ta rufe shi.

Da yamma ya je aji bai gaya wa kowa ba. In ya faɗi rasuwar, malam zai tambayi ranar, in aka ji ranar kuwa asirinsa ya tonu, takarda ta tafi. Saura kwana bakwai a raba ta. Ya ce a ransa shiru kawai zai yi, a sa wa Ƙasimu fashi, magana ta mutu.

Hadari ya haɗo, aji ya yi duhu-duhu. Malam ya kai hancinsa kan rajista.

"Ƙasimu Zakariyya."

Lawan ya datse bakinsa, hannayensa biyu a kan gwiwa.

Sai aka yi ɗan tari a gefensa na dama, inda babu kowa sai benci.

"Firezan sa."

Muryar ba irin ta toshe hanci ba ce. Ta Ƙasimu ce ta ainihi. Har ɗumin numfashi ya ji a kunnensa, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Na bayansa ya zungure shi. "Kai direba, yau ka fito da shi sak! Ko hancin ba ka taɓa ba."

Da ƙyar Lawan ya amsa nasa sunan.

Washegari ya canja benci, ya koma can jikin taga, ya matse tsakanin wasu ƙarti biyu. Aka kira Ƙasimu, tarin ya fito daga bayan wuyansa, aka amsa. Malam ya ce "Lawan Inuwa." Lawan ya buɗe baki ke nan, aka riga shi. Da muryarsa aka amsa, mai kauri, irin yadda Ƙasimu ke kwaikwayonsa in suna tsokanar juna a ɗaki. Malam ya yi maki ya wuce.

Ƙasimu ya fara biya.

Rana ta uku bai je ba. Ya ce gara fashi ɗaya da wannan bala'i. Da safe a tasha ya haɗu da wani ɗan ajinsu.

"Jiya a ina ka zauna? Na ji ka amsa, na waiga ban gan ka ba."

Daga ranar abubuwa suka fara sauyawa. Ya je wurin Indo mai shinkafa da wake, wadda shekara biyar yana ci a wurinta, ya miƙa kwano. Ta zuba wa na damansa, ta zuba wa na hagunsa, ta tsallake shi.

"Indo, ni fa?"

Ta zabura, ludayi ya kusa faɗuwa. "Lawan! Tun yaushe kake nan?"

Ya shiga mota, ta cika, hannunsa a kan sitiyari. Wata tsohuwa a kujerar gaba, kafaɗarta na gogar tasa, ta leƙa waje tana faɗa: "Wai ina direban nan ne? Rana na yi!" Ya duba madubin mota. Yana ciki, amma kamar hoton da ya sha rana.

Saura kwana huɗu. Kwana huɗu kacal, ya karɓi takarda ya shiga mota mai sanyi. Ya yi ta juya maganar har la'asar. Abin da ya kasa amsa wa kansa shi ne, ran rabon takarda, in aka kira Lawan Inuwa, wa zai miƙa hannu?

Ya shiga aji ya zauna a tsohon bencinsu. Babu wanda ya gaishe shi. Malam ya kai kan layin.

"Ƙasimu Zaka..."

Aka fara ɗan tarin.

Lawan ya miƙe da ƙarfi har benci ya yi ƙara. "Malam, ba ya nan!"

Malam Bulus ya ɗaga kai, karo na farko a wata uku. Ya daɗe yana lalube da ido. "Wa ke magana?"

"Ni ne, Lawan. Ƙasimu ya rasu, yau kwana goma sha ɗaya. Ni nake amsa masa tun da ya tafi. Na daina ranar Litinin."

"Ranar Litinin?" Malam ya bi layin da yatsa. "Litinin an amsa. Talata, Laraba..." Yatsan ya tsaya.

Malam ya cire gilashi ya goge, ya mayar. "Malam Lawan, ka san dokata."

"Na sani."

Ya ɗauki rula da jan biro, ya ja layi a kan sunan Ƙasimu, a hankali, daga farko har ƙarshe. Sannan ya ja a kan na Lawan.

"Alhazai, ku yi wa ɗan'uwanku addu'a irin taku. Zan jira."

Suka ɗaga hannu, shi kuma ya sunkuyar da kai. Da aka shafa, ya gyara murya ya sake kira, a hankali: "Ƙasimu Zakariyya."

Shiru.

Sai bencin gefen Lawan ya ɗan ɗaga, kamar yadda yake yi in mai nauyi ya tashi. Ƙofar aji ta motsa kaɗan, alhali babu iska.

Na bayansa ya dafa kafaɗarsa. "Sannu, direba. Zauna mana, ka tare min allo."

Lawan bai zauna ba. Ya ɗauki littafinsa ya fita cikin yayyafi. Takarda dai bai samu ba, kansila ya ɗauki wani. Washegari da asuba ya koma layi a Unguwa Uku, kuma da ya miƙa kwano Indo ta zuba masa har da ƙarin mai.

To ku fa, 'yan gari? Kwana huɗu suka rage, ga aikin da kuka shekara goma sha ɗaya kuna jira. Za ku miƙe ku faɗa, ko za ku cije ku bar abokinku ya ci gaba da amsa muku? Kada wanda ya yi min ƙaryar jarumta, na san wasunku ko ƙadangare ne ya faɗo daga rufi sai sun bar takalmi.