Katin da ke Cikin Kwamfutar Luqman

Mairo tana goge kwamfutar da gefen zaninta aka yi sallama a tsakar gida. Ta gane muryar, ba ta yi saurin amsawa ba. Halimat ce, maƙwabciyarta ta bayan katanga a Bukan Sidi, kuma daga takun takalman ta san da ɗanta Kamal suka zo.

Wata bakwai ke nan da tirela ta buge Luqman a hanyar Doma. Shi kaɗai Allah ya ba Mairo. Tare suka tashi da Kamal, tare suka koyi zanen gidaje a kwamfuta. Yanzu ɗaya yana maƙabarta, ɗayan ga shi a ƙofar ɗaki cikin shadda mai ruwan toka, har wuyansa ya yi kauri.

"Mairo, ina kwana?" in ji Halimat.

Shekara ashirin da shida tana ce mata Maman Luqman. Tun daga ranar sadakar uku ta koma Mairo, wai don kada a tuna mata. Halimat kuwa har gobe Maman Kamal ce.

Kamal ya durƙusa ya gaishe ta, yana satar kallon tebur.

"Mama, wata alfarma na zo nema. Kamfanin ginin da nake yi wa zane sun ce za a fitar da sabuwar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kuma kowa sai ya koma kanta kafin sati biyu. Na gwada tawa, ta nuna min jan layi. Girafik kad ɗina gig biyu ne, su kuma takwas suke so."

"Yi min Hausa, Kamal."

Ya yi 'yar dariya. "Wani kati ne a cikin akwatin nan, shi ke fitar da hoto. Nawa ya tsufa. Na Luqman sabo ne, tare muka je karɓo shi a tasha. Na sa a kawo min irinsa daga Legas, an ce sai bayan wata biyu. Kafin nan sun ba wani aikina."

"Ƙarfe ne kawai kamar tafin hannu," Halimat ta sa baki. "Yana nan zaune ba ya amfanin kowa. Kin san yaron ya kama fili a Azuba, idan aikin nan ya tafi ginin ma ya tsaya."

Mairo ta juya wajen kwamfutar. Akwai wuta, don haka ta danna maɓallin da Luqman ya koya mata, ta danna na biyu. Fanka ta fara huci a cikin akwatin. Sai gidan da Luqman ya zana mata ya bayyana, fari tas, da bishiyar mangwaro a ƙofa. Ta tura linzamin kwamfutar kamar yadda take yi kowace safiya, hoton ya shiga zaure, ya bi ta falo, ya tsaya a ɗaki mai shuɗiyar ƙofa. Nata ne. Ya yi mata kicin da famfo a ciki, da wani ɗan dandamali na shanya riɗi, don ya ce ya gaji da ganin kaji suna cinye mata.

"Kai, Kamal, ka ga kicin!" Halimat ta matso har kafaɗarta ta taɓa ta Mairo. "Irin wannan za ka yi min, da famfon da komai."

Mairo ta janye kafaɗarta. Ta kalli zoben hannun Halimat, ta kalli yadda ta dafa kan ɗanta ba tare da ta ma san ta dafa ba.

"Idan ka cire katin, gidan zai fito?"

Kamal ya sunkuyar da kai. "Zan saka miki nawa. Za ta kunnu."

"Gidan na tambaye ka."

"Ba zai buɗu ba, Mama. Ya fi ƙarfin nawa."

"To, na ji. Ku je, zan yi tunani."

A kasuwa ranar Mairo ba ta yi wani ciniki ba. Ta auna wa wata mata riɗi mudu biyu maimakon ɗaya, sai da matar ta dawo mata da shi. Ranta yana ce mata ta hana, a ga yadda fili zai zama gida. Sai kuma ta tuna Kamal ne ya ɗauko Luqman daga bakin titi a kafaɗarsa, rigarsa duk jini. Sai ta sake tuna hannun Halimat a kan wannan kai mai rai, komai ya koma farko.

Da azahar ta bar wa maƙwabciyar rumfarta kaya, ta tsallaka zuwa layin masu gyaran waya, wurin Aloysius, wanda ya haɗa wa Luqman kwamfutar.

"Maman Luqman!" Ya miƙe ya ba ta kujerarsa. Ta zauna tana maimaita sunan a ranta, don ta daɗe ba ta ji shi ba. Sannan ta faɗa masa komai.

"Gaskiya Kamal ya faɗa," in ji Aloysius da Hausarsa ta kasuwa. "Wannan sabon abu zai kashe inji da yawa a Lafia. Ka ga waɗancan a ƙasa? Duk jan layi. Amma na Luqman, ah ah, wannan inji oga ne. Ba ya buƙata komai, sabon abu zai shiga direk."

"Ba sai an buɗe cikinta ba?"

"Ko sukurudireba ba zai taɓa shi ba."

"Gidan da ya zana min fa?"

"Zai zauna. Zai ma fi haske, har ganyen mangwaro za ki ƙirga."

Ta yi masa godiya. A hanyar komawa ta tsaya ta sayi doya ɗaya mai kyau da busasshen kifi, abin da rabonta da saya wata bakwai.

Bayan la'asar ta leƙa ta kan katanga ta kira Kamal, shi kaɗai.

"Ba za a cire komai daga kayan ɗana ba," ta ce. "Ko ƙusa."

Fuskarsa ta canza. "Ba komai, Mama. Na gode."

"Ban gama ba. Aloysius ya ce abin naku zai shiga a nan. Ga tebur, ga kujera. Ka zo ka yi aikinka kullum, daga safe har ka gama. Amma kwamfutar ba ta fita daga ɗakin nan, kuma ba ka taɓa min gidana."

Kamal ya kalli kujerar. Har yanzu hular Luqman tana rataye a bayanta. Ya daɗe a tsaye kafin ya zauna. Ya gwada abin da ya gwada a tasa, ba a jima ba koren layi ya fito. Ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suna rawa.

Mairo ta bar shi ta shiga kicin. Ƙarar maɓallai ta biyo ta, ƙwas ƙwas, da sauri, da ɗan tsayawa, da sauri kuma. Ta fere doyar gaba ɗaya. Ta daka sakwara, ta zuba a kwanon Luqman da ke can ƙarshen kantar kwanuka, wanda ba ta bari kowa ya taɓa, ta kai masa kan tebur.

Dab da magariba Halimat ta yi sallama, da kular abinci a hannu.

"Mairo, Allah ya saka. Yaron nan tun safe bai sa komai a cikinsa ba. Kamal! Fito ka karɓa."

"Mama, a ƙara min miya kaɗan," muryar Kamal ta fito daga ɗaki.

Su biyun suka juya a tare. Mairo ce ta riga ɗaukar ludayi.

"Ya ci," ta ce wa Halimat. "Gobe ma kada ki wahalar da kanki."