Kumatun 'Yar Tela

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun shuka ba ta kai gwiwa ba, Tela ne kaɗai yake da abin fariya a layinsu. Ba ɗinki ba ne, don kekensa ya daɗe a lulluɓe, mai jin yunwa ba ya tunanin sabuwar riga. Gonar ma kara kawai ta ba shi. Abin fariyarsa 'yarsa ce, Auta, wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Yaran maƙwabta na ta ramewa, ita kuwa sai kumatu take yi, ƙafafunta sun cika fam.

Har rigarta ya farke ya ƙara mata faɗi. Yakan zauna da ita a ƙofar shago, duk wanda ya zo wucewa sai ya ɗaga masa ita.

"Mu dai ba mu san layin asibiti ba. Kowa da irin riƙon gidansa."

Da Makanike yake, maƙwabcinsa, wanda ake karɓo wa ɗansa abincin leda, irin wanda asibiti ke ba yaran da suka rame. Makanike yakan yi kamar bai ji ba, ya ci gaba da ɗaure ƙusa.

Matar Tela ce hankalinta ya ƙi kwanciya.

"Maigida, yarinyar nan ta daina wasa. Ko kukan kirki ba ta iya yi. Dubi gashinta, ya yi ja, sai zuba yake."

"Ke dai da neman magana. Mai jiki ai dama ba ya son motsi."

Ta yi ta naci har ya gaji. Ya saɓa Auta a kafaɗa da kansa, da niyyar ya dawo da maganar asibiti ya toshe bakin kowa.

Ɗakin awon yara cike yake, benci biyu, ga sikeli rataye da igiya, ga warin maganin wanke ƙasa. Ranar kuwa sai ga Makanike zaune da ɗansa a cinya, shi ya kawo shi. Suka gaisa sama-sama.

Da layi ya zo kan su Tela, malamar asibitin ba ta ko kalli sikeli ba. Ta cire wa Auta takalman da suka matse ta, ta ɗora manyan yatsunta a bayan ƙafafun, ta danna, ta ɗan jira, ta ɗaga. Wurin ya lotsa kamar an danna ɗanyen kwaɓi, kuma ya ƙi tasowa.

Tela ya sa tafin hannu yana shafa wurin, yadda yake miƙar da yadi kafin ya yanka. Ramin yana nan.

"Malam, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne," in ji malamar. "Yunwa ce ke kawo shi. Idan ta kai haka ba a jira, yau za mu kwantar da ita."

Kunya ta lulluɓe shi, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Ashe kumburin yunwa yake ɗagawa yana nuna wa duniya.

"Me take ci a gida?"

Ƙarya tana bakin Tela a shirye, madara, ƙwai, wake. Malamar ta dube shi, da alama ta sha ganin irinsa.

"Ka faɗa min gaskiya. Da ita za mu san yadda za mu fara ba ta abinci. In muka ɗora mata abin da jikinta ba zai ɗauka ba, za mu iya rasa ta."

Ya motsa baki, ya faɗi wani abu ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba, Malam."

Sai Makanike ya miƙe, ya saɓa ɗansa, ya ce wa matar da ke bayansa ta shiga gabansa, zai ɗan sha iska. Ya fita ko waiwaye bai yi ba. Da zaginsa ya yi, da Tela ya fi jin sauƙi.

Auta ta kwantar da kai a ƙirjinsa, numfashinta na fita a hankali. Ya ɗago, ya buɗe murya yadda har na bencin baya za su ji.

"Garin masara ne da ruwa, sau ɗaya a yini. Jiya ma ba a samu ba."