Akuyar Sakina

Shekarar da 'yan furoje, ma'aikatan wata ƙungiyar agaji, suka kafa rumfa a bayan kasuwar Matameye, Najaha na cikin matan farko da suka je. An ce taimakon ba na yara kaɗai ba ne, uwa da uba da ɗa za a riƙa zaunarwa tare. Mijinta Munkaila yana Kaduna cin rani, don haka ta riƙa zuwa da 'yarsu Sakina, yarinya 'yar shekara shida da ba ta cika magana ba. Aka ba gidan akuya mai ciki. Da akuyar ta haihu, Sakina ta samu madara, kumatunta suka fito, har takan zauna gindin turke tana yi wa akuyar hira.

Da ruwa ya sauka Munkaila ya dawo noma. Najaha ta zaci zai hana su zuwa, sai ga shi ya sa babbar riga ya bi su. A rumfa yakan ɗora Sakina a cinya, yana amsa tambaya da fara'a, Madam Hanifa mai kula da zaman tana kafa misali da shi. Najaha sai ta ja mayafi ta rufe kunnen da ya daina ji tun marin da ya yi mata bara.

Wata rana Madam ta ce kowane yaro ya faɗi abin da yake tsoro a gida. Wani ya ce kunama, wata ta ce tsawa. Da aka zo kan Sakina, ta dubi ƙasa ta ce, "Ina tsoron in Baba ya rufe ɗaki da Inna a ciki."

Maza suka fashe da dariya, don sun ɗauki maganar ta wata fuska. Munkaila ya fi kowa dariya. Madam ta yi murmushi ta wuce ga yaro na gaba.

A gida Munkaila bai taɓa kowa ba. Washegari da safe ya wasa wuƙa, ya kira yarinyar.

"Zo ki riƙe mini igiya, 'yar Baba. Tunda bakinki ya buɗe, ai sai mu yi walima."

Najaha ta durƙusa tana roƙonsa, ta ce dabbar tana shayarwa, kuma ba tasu ba ce su kaɗai, da hannun 'yan furoje a ciki. Ya ce in ta ga dama ta je ta kai ƙara. Ya yanka akuyar, igiyar na hannun Sakina, ɗan akuyar yana ta kuka a turke.

Najaha ce ta dafa. Ya gayyato Madam da mazan rumfa, ya gaya musu leda akuyar ta ci, shi ya sa ya yanka kafin ta zama mushe. Madam ta jajanta, ta ci, ta yaba masa da bai ɓoye ba. A gabansu ya tsinko hanta ya sa wa Sakina a baki, ya jira har ta haɗiye.

Da baƙi suka watse, Najaha ta iske yarinyar a bayan rumbu tana amai. Sakina ta goge baki ta ce za ta gaya wa Madam gaskiya. Najaha ba ta taɓa dukanta ba, amma ranar ta murɗe mata kunne, ta mare ta har ta faɗi.

"Kika sake buɗe baki a rumfar nan, ni za ki gani, ba shi ba."

Sakina ba ta ƙara cewa komai ba, a can ko a gida.

Bayan girbi Najaha ta fara sauraron ranar da zai hau mota ya koma Kaduna, don rani ne lokacin da take samun barci. Sai 'yan furoje suka zaɓi Munkaila ya riƙa zagaya ƙauyukan Dawce da Icirnawa a babur, yana yi wa magidanta nasiha kan zaman iyali. Shekarar bai tafi cin rani ba. Kullum kafin magariba yana gida.