Shebur Ɗaya

"Sun fara?" in ji Shugaba, da muryar da sai ka kara kunne za ka ji.

Tela ya dubi matar Shugaba. Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana juya cokali a kofin magani.

"Sun fara," in ji Tela. "Kwata cike take da samari."

Ƙarya ce tsagwaronta. Shekara da shekaru maƙwabcin nan nasa, Shugaba, shi ke yashe kwatar unguwa kafin damina. Shi ya mai da juji filin ƙwallo, shi ya raba yara da shaye-shaye. Kuma bai taɓa ce wa kowa zo ba. Sai dai ya naɗe ƙafar wando ya faɗa kwata da shebur, kunya ta sa samari su biyo shi. Bana ciwo ya kwantar da shi, ga hadari na haɗuwa, kwata ta toshe har wari na shigowa ɗaki.

"Buɗe mini taga in ji," in ji Shugaba.

Tela ya miƙe. Ya buɗe tagar, ya sulale waje, ya zari shebur cikin waɗanda ke jingine a bayan ƙofa. Ya naɗe wando yadda ya saba gani, ya shiga laka har gwiwa. Mutumin da bai san nauyin komai ba sai almakashi!

Samari na zaune a shagon cajin waya, tsallaken titi.

"Sannu da aiki, Baba Tela!"

"Sannun me? Ku taso mana! Mutumin nan yana saurare."

Golan ƙungiyar ƙwallo ya sosa ƙeya. "Wallahi ba ƙi muka yi ba, Baba. Ai ba a shiga sai Shugaba ya shiga. Bari ya samu sauƙi, rana ɗaya za mu gama."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, abin da ya fi ƙona wa Tela rai ke nan.

Sai ya kama aikin mutum goma. Ya kankare nan, ya ruga can ya buga shebur a siminti, har da ɗaga murya: "Kai, turo baron nan!" alhali babu kowa a bayansa. So yake mutumin ya tafi da sanyin zuciya, ko da na ƙarya ne.

Yana haki matar Shugaba ta leƙo ta taga.

"Malam, fito haka nan. Ya cika."

Tela ya yi salati, hawaye na bin gemunsa. "Ya dai ji mu?"

"Ya ji." Ta share fuska da gefen mayafi. "Cewa ya yi, 'Shebur ɗaya ne. Ki ce ya huta, yana da ciwon baya.'"

Yayyafi ya sauko. Tela na tsaye a kwata, yana kallon ɗan wurin da ya yashe, wanda bai fi faɗin ƙofa ba. Baƙin ruwa na komawa ciki a hankali, da ledoji a kansa.